Daren da ƙararrawa ta cika allo: yaya kuka yi?

Mai aikin dare: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya wajen ƙarfe biyu ina ɗakin sa ido kan na'urorin sadarwa na kamfaninmu, allo ya koma ja jawur, ƙararrawa na zubowa kamar da bakin ƙwarya. Hasumiyoyin sadarwa suka yi tsit, na rasa inda zan kama. Ashe igiyar faiba ɗaya ce ta katse, sauran duk kukan rashinta suke yi. Sai da na kusa cinye awa guda kafin na gano. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, ku taimaka.

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam ƙanena, sannu. Na sha wannan ba sau ɗaya ba. Abin da ya gyara mana aiki shi ne tsarin TMN (tsarin kula da hanyoyin sadarwa) na ITU, hukumar sadarwa ta duniya, wanda ke cikin kundinta mai lamba M.3010. Ya jera kulawa hawa-hawa: na'urorin kansu, manhajar da ke kula da su, hanyar sadarwa gaba ɗaya, hidimar da ake sayarwa, sannan kasuwanci a can sama. Da can hawan ƙasa kawai muke kallo, kowace na'ura na kukanta ita kaɗai. Da muka zana wace ke rataye a jikin wace, manhaja ta fara tattara kukan ta nuna mana tushe guda.

Injiniya: Ni tawa ba faiba ba ce, Malam. Wani abokin aiki ya sauya saiti da hannu da yamma, bai rubuta ko'ina ba. Muka kwana muna neman lalacewar da babu ita. A rukunan kulawa biyar da ake kira FCAPS (matsala, saiti, lissafi, ingancin aiki da tsaro), kowa na mai da hankali kan matsala da tsaro, ana manta saiti, alhali shi ya fi cizo. Yanzu da NETCONF, wato ƙa'idar aika saiti zuwa na'urori, muke tura sauyi, kuma idan ba a tabbatar da shi ba cikin daƙiƙa 600, na'ura ta koma saitinta na baya da kanta. Wallahi wannan ya sa nake iya barci.

Ɗan koyo: Gaskiya ne Hajiya. Mu kuma saƙon SNMP ne ya ɓace, wato saƙon da na'ura ke aikowa don sanar da matsala. Ta UDP yake bi, tashar 162, hanyar aika saƙo ce da ba mai cewa ya iso. Layi ya cunkushe, ƙararrawar da ta fi muhimmanci ba ta zo ba sam.

Mai aikin dare: Na gode ƙwarai. Yallabai, taswirar nan da hannu kuka zana, ko manhaja ce ta zaƙulo muku?