Shawarwarin da muka tattara kan sufuri a Kano

A zaman da muka yi kan cunkoson Kano, kowa ya yarda cewa tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, 'yan Adaidaita Sahu ne ke riƙe da gari, korar su kuwa ba mafita ba ce. Shawarar da ta fi rinjaye ita ce a zuba manyan bas-bas a titin Zariya da na Katsina, a keɓe musu hannunsu kamar yadda aka yi wa bas-bas ɗin BRT a Legas, Adaidaita kuma su riƙa kwaso mutane daga unguwanni. Wata malama ta dage kan tashoshi masu rumfa, don ta sha jiran mota da goyo cikin tsakar rana. Ni dai gyara ne ya fi damuna: a tanadi kanikawa da kayan gyara kafin a sayo ko da mota ɗaya.