Wasa a burauza na cijewa tun da kanel ya koma 6.8, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu amfani da Linux, don Allah a taimaka mini.

Tsohuwar kwamfutar cinya gare ni mai Ubuntu 22.04, sashen hotonta a cikin firosesa yake, direban i915 ke tafiyar da shi. A kanel (wato zuciyar tsarin Linux) 5.15 wasannin burauza masu aiki da WebGL, fasahar zana hoton 3D a burauza, sumul suke tafiya. Tun da sabuntawa ta kai ni 6.8 abin ya lalace: motar wasan na cikin gudu sai hoto ya daskare na ƙiftawar ido, sannan ya yi tsalle gaba, fanka kuma sai huci take. A Firefox haka, a Chromium ma haka.

Ba matsalar intanet ba ce, don wasan ya riga ya gama sauka. Na leƙa about:support, shafin bayanan Firefox, sashen hoton ne ke zana shafi, aikin bai koma kan firosesa ba. Abin da ya ɗaure mini kai, in na sake kunnawa na zaɓi 5.15 a GRUB (jerin zaɓin da ke fitowa lokacin kunna kwamfuta), komai sai ya daidaita, alhali burauza ɗaya ce, Mesa (manhajar zana hoto) ma ɗaya.

Zargina ya fi karkata ga EEVDF, wanda ya maye gurbin CFS tun daga 6.6 wajen raba wa ayyuka lokacin firosesa, burauza kuwa ayyuka barkatai take buɗewa. Ko dai intel_pstate, direban da ke daidaita gudun firosesa, shi ne ke rage gudu? Ta yaya zan bambance tsakaninsu? Zama a 5.15 ba zai yiwu ba, na'urar Wi-Fi ɗina ta USB ba ta aiki a can.