Tuƙi Cikin Marka: Abin da Direbobi Suka Ce

A hirarmu da direbobin tasha kan ruwan Agusta, bakinsu ɗaya: rage gudu, ninka tazara, don birki ba ya kamawa sosai a jiƙaƙƙiyar kwalta. Kunna ƙaramar fitila, babbar tana dawo maka da haske ido. Gilashi ya yi gumi? Sakar masa iska.

Sun fi jan kunne kan ruwan da ya shanye titi, ni ma shi nake tsoro. Santimita 30 na ruwa mai gudu kan ɗauke ƙaramar mota, ga ramin da ba ka gani a ƙarƙashinsa. In ruwan sama ya yi ƙarfi har motar gabanka ta ɓace maka, sauka nesa da kwalta, kunna sigina biyu, jira ya tsagaita.