Yaya za a zaɓi 'yan matan sakandare da suka cancanci karramawa?

Tambaya: Malamai, don Allah wane ma'auni ya dace a bi wajen karrama ɗalibai mata kan ƙwazon karatu, jan ƙananan ɗalibai a jiki, da hidimar al'umma?

Amsa: A sanar da rabon maki tun farkon shekara, misali karatu 50, sauran biyun 25-25. A duba sakamakon kowane zango, don rashin lafiya kan ɓata jarrabawa guda.

Amsa: Hidimar ce ke kawo rigima. A buɗe rajista: rana, awanni, da sa hannun malamin da ya sa ido. In babu ita, mai baki ce za ta lashe, a manta da mai kunyar da ta yi aikin.

Amsa: Haka ne, Malam. Ƙananan da aka koya wa kuma a tambaye su a keɓe. Alƙalai su zama uku, a rufe sunayen ɗalibai.