Wace kalma za mu ba "corruption" na fayil ɗin sauti?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar sauti da kwamfuta. Ina so mu tsayar da kalma guda kan abin da Turawa ke kira "corruption", wato idan fayil ɗin FLAC (tsarin ajiye sauti a matse) da ke kan faifan ajiya ya fara tsallake, ko ya yi ƙara a tsakiya, ko ya ƙi buɗewa. Manhajojin fassara sukan ba mu "cin hanci" ko "rashawa", abin da bai shafi maganarmu ba ko kaɗan. Mu kuma a baki mun saba cewa "ya lalace".

Damuwata da "lalacewa" ita ce ta yi faɗi da yawa. Faifai ya lalace, fayil ya lalace, waya ta lalace, duk kalma ɗaya. Alhali wajen gyara, rabe waɗannan shi ne rabin aikin. Fayil kan samu matsala faifan yana lafiya lau: an ɗauke wuta ana tsakiyar kwafi, ko wayar USB ta saki, ko RAM ɗin kwamfutar, wato ma'ajiyarta ta wucin gadi, na juya lambobi a ɓoye. Wanda aka ce wa "ya lalace" sai ya ruga ya sayi sabon faifai, ya bar ainihin cutar tana ci gaba da cin tafsirai da tsofaffin kaset ɗin da ya sha wahalar mayarwa kwamfuta. Wannan asarar ce ke damuna.

Shawarata: a bar wa faifai "lalacewa", a kira na fayil "gurɓacewa".

Ga dalili. Ruwan da ya gurɓace yana nan cikin randa, yawansa bai ragu ba, amma ba shi ne tsabtataccen da aka zuba ba. Gurɓataccen fayil ma sau da yawa sunansa da girmansa ba sa canzawa, cikinsa ne ya sauya. FLAC, wanda Josh Coalson ya fitar a 2001, an gina shi da hanyar gane hakan. Lokacin matse sautin yakan lissafa wata lamba, MD5, daga ainihin sautin ya ajiye a farkon fayil, kowane guntu kuma yana da tasa lambar tantancewa, CRC. Umarnin flac -t da ake rubuta wa kwamfuta yana warware sautin ya sake lissafi ya kwatanta. Idan ba su dace ba, an samu gurɓacewa. WAV, wani tsarin fayil ɗin sauti, ba shi da wannan, sai dai kunnenka ya gaya maka.

Da kalmomin biyu a hannu, bayanin gyara yakan fito sarai. Gwada fayil ɗin sau da dama. In kuskuren yana fitowa wuri ɗaya kullum, abin da ke rubuce ne ya gurɓace, sai a duba rahoton SMART, wato bayanin lafiyar faifai, da manhajar CrystalDiskInfo a ga ko faifan ya fara lalacewa. In kuwa yau ya wuce gwaji gobe ya faɗi, a tuhumi wayar USB ko RAM, a gwada RAM ɗin da manhajar MemTest86. A kuma sani MD5 tona asiri kawai take yi, ba ta gyara. Gyara sai daga kwafi na biyu.

Wani malaminmu ya kawo "ruɓewa". Malam, ta dace da lalacewar da ke zuwa sannu a hankali bayan shekaru, amma ba ta kama wadda ɗaukewar wuta ke jawowa nan take. "Ɓaci" kuma hankali zai tafi ga ɓacin rai.

Saura "lossless", wato matse sauti irin na FLAC ba tare da an zubar da komai daga cikinsa ba. Ina tsakanin "matsi marar asara" da "matsi ba ragi", na fi karkata ga na biyun domin ya fi sauƙi a baki. 'Yan uwa na Maradi da Damagaram, ku da kuka fi jin kalmomin Faransanci a shagunan kwamfuta, me kuke cewa a can?