Muhawara: mata ganima ce kawai a waƙoƙin Homa?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum. Ga matsayina, mai ja ya fito: a waƙar Iliyad ta Homa, mawaƙin tsohuwar Girka, wadda ke ba da labarin yaƙin Girkawa da birnin Turoyi, mace kaya ce da jarumai ke auna girmansu da ita. Ku duba mafarin waƙar. Agamemnon, jagoran rundunar Girkawa, ya riƙe Kirisis, 'yar mai hidimar gunkin Afolo, ya ƙi karɓar fansa, annoba ta yi kwana 9 tana cin rundunar Girkawa. Da aka tilasta masa ya mayar da ita, sai ya aika aka ɗauko Birisis daga tantin Akilis, babban jarumin Girkawa, ta maye gurbi. Daga nan fushin Akilis ya taso, kuma ba wanda ya tambayi matan biyu ra'ayinsu. A littafi na 9, da Agamemnon ya so lallashi, ya jero tukwanen tagulla masu ƙafa uku guda 7, dawakai 12, matan Lesbos 7, duk a jeri ɗaya. Littafi na 23 ya fi fitowa fili. A gasar kokawa, wanda ya yi kaye zai ɗauki tukunya mai darajar shanu 12, wanda aka kayar zai ɗauki mace gwanar aikin hannu mai darajar shanu 4. Tukunya ta ninka mace sau uku.

Malama Hadiza: Wa'alaikumus salam. Malam, lissafinka daidai ne, hukuncin ne ya zarce gona da iri. Ka haɗa abin da mutanen cikin waƙa suke yi da abin da mawaƙin yake so mai sauraro ya gani. Wannan Birisis ɗin da aka yi ta miƙawa hannu zuwa hannu, a littafi na 19 ta buɗe baki a kan gawar Fatrokulus, aminin Akilis. Ta ce ta ga mijinta kwance a gaban birninsu an soke shi, ta ga 'yan uwanta maza uku sun tafi, kuma Fatrokulus ne ya hana ta kuka, ya yi mata alkawarin zai sa Akilis ya aure ta aure na gaskiya. Bayan ta yi shiru sai mawaƙin ya ƙara da bakinsa cewa sauran matan suka ɗauki kuka, a fili don Fatrokulus, amma kowace baƙin cikin kanta take kukawa. Wanda ya ɗauki mace a matsayin tukunya ba zai leƙa zuciyarta haka ba.

Dakta Bello: Malama, mu ƙirga. Maganar Birisis daga ɗango na 287 zuwa na 300 take, ɗango 14 ke nan cikin waƙa mai ɗango sama da 15,000. Ita Kirisis ko kalma ɗaya ba ta furta ba. Sannan ku dubi abin da ke faruwa idan mace ta taɓa harkar maza. A littafi na 6 Andromaki ta tare mijinta Hekta, babban jarumin Turoyi, a ƙofar birnin, ta ba shi shawarar yaƙi mai ma'ana: ya tsayar da runduna kusa da itacen ɓaure, domin nan ne ganuwa ta fi sauƙin hawa, kuma sau uku manyan mayaƙan Girkawa suna gwada sa'arsu a wurin. Ƙarshen zancen, cewa ya yi ta koma gida ta kama masaƙa da mazari, yaƙi na maza ne. Kusan kalmomin nan aka sake sa wa Telemakus, ɗan jarumi Odisiyus, a baki sau biyu a Odisi, ɗaya waƙar ta Homa, yana faɗa wa mahaifiyarsa Fenelofi: a littafi na 1 magana ta maza ce, a na 21 kwari da baka na maza ne. Har Aristarkus, masanin Iskandariyya, ya sa alamar shakka a kan shawarar Andromaki, don a ganinsa bai dace mace ta koya wa Hekta yaƙi ba.

Hajiya Rabi: To ai Dakta ka kawo mana hujja ne ba ka sani ba. Idan har masanin da ya zo ƙarnuka bayan Homa ya ji ɗangwayen sun yi masa nauyi, ashe mawaƙin ya ba mace abin da masu karatunsa suka kasa haɗiyewa. Sannan wa aka bai wa ƙarshen Iliyad? Ba Akilis ba, ba Agamemnon ba. Mata uku ne suka tsaya a kan gawar Hekta ɗaya bayan ɗaya: Andromaki matarsa, Hekuba mahaifiyarsa, sai Helen da aka yi yaƙin dominta. Andromaki ba kirari ta yi masa ba. Cewa ta yi ya bar ta gwauruwa, ɗansu ko dai ya bi ta bauta ko wani ya jefo shi daga kan hasumiya. Su kansu jaruman ba a zana su da dutse ba. Akilis ya zauna bakin teku yana kuka yana kiran uwarsa Tetis. Hekta ya zagaye birni sau uku a guje. A Odisi littafi na 8, da mawaƙi ya rera labarin dokin katakon da Girkawa suka ci Turoyi da shi, a fadar sarki Alkinus, Odisiyus ya fashe da kuka, sai Homa ya kamanta shi da matar da ta faɗa kan mijinta da aka kashe a gaban birni, ana dukan bayanta da mashi ana jan ta zuwa bauta. Wato mutumin da ya ci Turoyi aka sa ya yi kukan matan Turoyi.

Malam Nasiru: Ranki ya daɗe, kukan makoki aikin da al'adarsu ta ware wa mata ne. An ba su murya, amma a kan gawar namiji, kuma don sunansa ya ɗore. Ku zo Odisi littafi na 22. Cikin kuyangi 50 na gidan Odisiyus, tsohuwar mai rainonsa Yurikiliya ta nuna 12 da ta ce sun ci amana. Aka sa su kwashe gawarwakin manema auren matarsa Fenelofi da ya kashe bayan ya dawo gida, suka wanke kujeru da teburori. Odisiyus ya ce a kashe su da takobi, Telemakus ya ce ba su cancanci mutuwa mai tsafta ba, ya ɗaura igiyar jirgin ruwa ya rataye su a jere. Shi kuwa maigidan da ya yi shekara 7 wurin Kalifso, shekara guda wurin Sirsi, duka biyun alloli mata da ya zauna da su, ba wanda ya tuhume shi.

Malama Hadiza: Wannan wurin ba ni da abin kare shi, Malam, yana da muni. Abin da zan ce kawai, mawaƙin bai yi guɗa ba: ya ce kamar kurciyoyi ne da suka zo kwana suka faɗa tarko, ƙafafunsu suka ɗan motsa kaɗan. Amma a dubi Fenelofi da kyau, don mutane suna taƙaita ta da haƙuri, alhali dabara ce aikinta. Manema 108 sun mamaye gida, ba ta da runduna. Ta ce sai ta gama saƙa likkafanin surukinta Layatis, tana saƙa da rana tana warwarewa da dare, shekara 3 cur, sai a ta huɗu wata kuyanga ta tona. Ita ce ta kawo gasar baka da gatura 12, wadda ta sa makami a hannun mijinta. A littafi na 23 kuma, bayan an gama kashe-kashe, ta ƙi yarda da shi, ta ce a fitar masa da gadon waje. Nan ya fusata ya tona sirrin da kansa: ƙafar gadon ɗaya kututturen zaitun ce mai saiwa a ƙasa, a kewayensa ya gina ɗakin. Mutumin da ya yaudari Folifemus mai ido ɗaya, a hannun matarsa ya faɗa tarko. A littafi na 19 shi da bakinsa ya kwatanta sunanta da na sarki adali.

Dakta Bello: Ina ganin an rasa wani layi a tsakiya. Fenelofi da Areti matar Alkinus 'ya'ya ne, matan sarakuna. Birisis da kuyangin nan bayi ne. Kuma ba ƙirƙirar mawaƙi ba ce: allunan yumɓu da aka tono a fadar Filos, na wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suna lissafa rukunin mata ma'aikata da garuruwan da aka kawo su, irin su Miletus da Lemnos, da rabonsu na alkama da ɓaure.

Malam Nasiru: Layin nan ganuwar birni ce kawai, Dakta, tana faɗuwa ya shafe. Hekta da kansa ya gaya wa Andromaki cewa ran da Turoyi ta faɗi za ta yi saƙa a masaƙar wata a Argos, ta ɗebo ruwa ba da sonta ba. Na taƙaita: ban da allolinsu mata, a nuna mini mace ɗaya a Iliyad da ta faɗi magana jarumi ya bi.

Hajiya Rabi: Akwai, Malam, a littafi na 9 ɗin da ka fara da shi. Tsoho Finiks ya ba Akilis labarin Meliyaga, wanda ya yi fushi ya janye daga yaƙi abokan gaba suna dukan ganuwar Kalidon. Dattawa suka aiko da manyan masu hidimar gumaka da alkawarin gona, ya ƙi. Mahaifinsa ya roƙa, 'yan uwansa mata da mahaifiyarsa suka roƙa, aminansa suka roƙa, ya ƙi. Matarsa Kiliyofatira ce ta tashe shi ya sa sulke, kuma da ta lissafa masa abin da ke samun birnin da aka ci ne: a kashe maza, wuta ta cinye gari, baƙi su kora yara da mata.