Wane suna za mu ba wannan jinyar da Hausa?

Jama'a, a taya ni neman suna. Akwai sashen aikin asibiti da likitoci ke kira palliative care, wato kula da wanda cuta mai tsanani ta kama, kamar kansa ko ciwon ƙoda da ya yi nisa, a rage masa raɗaɗi, tashin zuciya, sarƙewar numfashi da damuwa, ko da ba a sa ran warkewa.

Aro kalmar dai ba zai yiwu ba. Tun lokacin korona a 2020, da cire tallafin mai a 2023, in ka ce "faliyatif" a Kano ko Kaduna, buhun shinkafa mutane za su hango.

Wasu na cewa "kulawar ƙarshen rayuwa". Ban yarda ba. Wane ɗa ne zai kai mahaifiyarsa ɗakin da aka rubuta wa haka a ƙofa? Cewa zai yi likita ya yanke mata ajali, alhali ajali na Allah ne. Kuma sunan ya saɓa wa bincike. A wani binciken da aka wallafa a 2010, an bi masu kansar huhu 151 a wani asibitin Boston. Waɗanda aka fara wa wannan kulawa da wuri sun fi samun natsuwa, kuma sun rayu kimanin wata 11.6, sauran kuwa wata 8.9. Ashe ba sai an fid da rai ake farawa ba. Shi kansa Balfour Mount, likitan da ya raɗa sunan palliative care a Montreal a shekarun 1970, gudun wata kalma ya yi wadda masu jin Faransanci ke dangantawa da gidan gajiyayyu.

"Jinyar sauƙi" ta yi daɗin faɗi, amma sauƙi a bakinmu ya yi yawa. Tambayi dattijon da ciwo ya hana barci, "Baba, ya jiki?" Zai ce "Da sauƙi, alhamdulillahi." Masu auna alamomin ciwo ma da wannan suke fama. Ma'aunin Edmonton, wanda Eduardo Bruera da abokan aikinsa suka fitar a 1991, yana sa majinyaci ya ba kowace alama maki daga 0 zuwa 10: zafin ciwo, gajiya, rashin cin abinci, fargaba da sauransu. Mutumin da aka tarbiyyantar da dauriya da kunya, bakwai ɗinsa uku zai kira ta. Ƙari kuma, "ya samu sauƙi" kan nufin ya warke, mu kuwa ba alkawarin warkewa muke yi ba.

Ni "jinyar sassauci" na zaɓa. Sassauci ba ya nufin abu ya tafi, ya dai saki. Jinya kuma ta haɗa majinyaci da mai jinyarsa, 'yar nan ko matar nan da ke kwana kan tabarma a gindin gado, wadda ita ma aikin ya ƙunshi tallafa mata.

Ma'aikatan jinya da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, in kun riga kuna da abin da kuke faɗa wa dangi a bakin gado, ku kawo mu gwada shi da wannan.